Shirun da Torleif Bai Yi Ba

Idan ka tambayi mutanen Lademoen, unguwarmu ta nan Trondheim, wane ne Torleif Vangen, za su ce maka ai malamin ganga ne a makarantar kiɗa ta gari, dogon nan mai furfura da ba ya rabo da keke ko da ƙanƙara ake zubawa. Kaɗan ne za su tuna cewa makaɗin jaz ne, su ɗin ma ba lallai sun taɓa zama sun saurare shi ba. Irin jaz ɗin da yake yi ba na rawa ba ne, ba kuma wanda za ka fito kana rera shi a hanya ba ne. Ranar da mutum arba'in suka hallara, sai ka ga mai ɗakin wasa yana washe baki yana cewa yau an cika.

A tsibirin Frøya aka haife shi, a gidan mai gyaran injin jiragen kamun kifi. Gida ne na masu tsananin ibada, inda ko fito mutum ya yi ranar Lahadi sai an harare shi, balle a yi maganar ganga. Sai Torleif ya koma bayan shagon mahaifinsa yana dukan akwatunan kifi da durom ɗin mai da guntayen itace. Mahaifin bai taɓa hana shi ba, bai kuma taɓa nuna ya ji ba. Da ya tasa aka turo shi Trondheim koyon aikin lantarki. Ya ɗan jima yana jan waya a gidajen mutane, daga nan ya zame ya shiga makarantar kiɗa. A can ya haɗu da mutum biyun da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tare da su: Magnhild Sunde mai fiyano, 'yar ƙaramar mace mai kaifin harshe, da Eilif Rostad mai kaɗa bas, ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsu.

Shekara talatin da ɗoriya suna tare su uku, kuma dokokinsu ba su taɓa canjawa ba. Ba sa gwaji, ba sa rubuta komai. Sai dai su hau dandamali, wanda abin ya fara zo wa ya fara, sauran su bi shi ko su ƙi binsa, daga nan kiɗan ya nemi hanyarsa. In sun sauko kuwa, ba mai cewa uffan a kan abin da aka kaɗa. A yi hirar kifi, a yi ta gwiwar Eilif da ke damunsa, a zagi hukumar gari kan ramukan titi, amma ba a cewa ka burge ni a wuri kaza, ko kin yi gaggawa a wuri kaza. Magnhild ce ta kafa wannan tun suna ɗalibai, ta ce magana tana toshe kunne. Mu mutanen nan dama dokar da ta ce a yi shiru ba ta yi mana wuyar karɓa, rabin auren garin nan ma a kanta yake zaune.

Torleif ya ƙara wa kansa wata dokar: bai taɓa sauraron faifansu ba, ko guda. Cewa yake wanda ya saurari kansa yau, gobe kwaikwayon kansa zai yi. Da an gama ɗaukar sauti sai ya ɗaure gangunansa ya kama hanyar gida. Zaman tace sautin da zaɓen abin da zai shiga faifai duk ya bar wa Magnhild da Eilif. In faifan ya fito, sai ya miƙa wa matarsa Oddny, ita ce za ta sa ta zauna tana saƙa tana ji. Ni a ganina wannan yarda ce da ta yi yawa, amma shi bai ma san yarda yake yi ba.

A sanyin da ya wuce suka shiga ɗaukar sabon faifai, a wani tsohon rumbun gona da aka mayar ɗakin ɗaukar sauti a bayan gari. Da can a ɗaki ɗaya suke zama, gwiwa na gogar gwiwa. Wannan karon Magnhild ta ce kunnenta yana mata ƙara, ba za ta iya zama kusa da farantan tagullar da yake bugawa tare da ganga ba. Sai aka sa Torleif da gangunansa a wani ɗan ɗaki na gilashi, aka ɗora masa lasifikar kunne don ya riƙa jin sauran.

Ya ƙwanƙwasa gilashin ya ce, "To, kun mai da ni kifin ado ke nan. Saura ku riƙa barbaɗo mini abinci ta sama."

Eilif ya ce, "Kifin ado ai ba ya surutu, tsoho. Zauna mu fara."

Bayan sun ci burodi da cuku da rana, suka kaɗa wani dogon kiɗa wanda Torleif ya san bai taɓa yin irinsa ba. Ya fara da sanduna, ya koma tafin hannu, ya ja sarƙa a kan fatar ganga, ya riƙa jin Magnhild a kunnensa tana kawo masa duka yana tarewa, yana mayar mata tana juyawa. Da ya fito daga ɗakin gilashi rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ba wanda ya ce komai, haka doka take. Amma da ya isa gida, yana kwance igiyar takalmi, ya ce wa Oddny, "Yau dai na yi kiɗa." Ta ɗago ta dube shi, don tun da suka yi aure ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba.

Faifan ya fito da ƙanƙara ta fara narkewa. Jaridunmu kuwa ba su iya yabo ko kushe ba sai da ɗan ludo. Fim ne, littafi ne, gidan abinci ne, sai a buga hoton ɗan ludo a gefen sharhin, daga ido ɗaya zuwa ido shida. Mutum ya shekara yana fama, wani ya zauna da kofin gahawa ya jefa masa uku, shi ke nan an gama da shi. Su Torleif sun saba da huɗu, in ma an tuna da su. Wannan karon sai ga shida, kuma daga hannun Hermod Kvale, wani mai sharhi a Oslo da aka san shi da rowar yabo.

Ranar Juma'a ce, ranar da malaman makarantar kiɗa suke toya waina mai zaƙi a ɗakin hutu su ci da jam na 'ya'yan itace. Solfrid, malamar kakaki, ta shigo tana kaɗa jarida a sama.

Ta ce, "Kowa ya ajiye cokali, yau akwai babban mutum a cikinmu! Ku ji abin da mai rowar nan ya rubuta." Ta gyara murya ta karanta: "Abin da ya ɗaga wannan faifai sama da duk abin da suka taɓa yi yana tsakiyar kiɗa na uku, dogon nan, inda Vangen ya ajiye sandunansa ya bar fiyano da bas su kaɗai, ya kuma daɗe bai dawo ba. Makaɗin da ya yi shekaru yana cika mana kunne ya koyi abin da ya fi komai wuya. Wannan shirun shi ne mafi girman abin da ya taɓa kaɗawa."

Ɗaki ya kaure da tafi da dariya. Malamin jita ya ce, "Ka ji, Torleif! Ashe da tun tuni ka yi shiru da tuni ka yi suna."

Solfrid ta ce, "Don Allah ka koya wa ɗalibanka ma, ko ma samu kanmu ya huta."

Torleif ya yi dariya tare da su, har da ƙara waina. A ransa kuwa cewa yake, wannan Hermod ɗin kurma ne, ko kuma ya yi gyangyaɗi a tsakiyar faifan ya farka ya kira gyangyaɗinsa hikima. Dogon kiɗa ai guda ɗaya ne suka yi, kuma ya san bai ɗaga hannu daga kan ganga ba ko na ƙiftawar ido.

Da yamma ya shiga gida yana ba Oddny labari, yana kwaikwayon muryar Solfrid. Ya ce, "Kin ga irin mutanen da ake biya su saurari kiɗa ko? Wurin da na kusa fasa fata, shi wai shiru ya ji."

Oddny ba ta yi dariya ba. Ta ajiye saƙarta a cinya ta ce, "Torleif, babu ganga a wurin."

"Kamar yaya babu ganga?"

"Na saurara har na maimaita. Ka fara tare da su, can sai ka ɓace, sai kusa da ƙarshe ka dawo. Na ɗauka shi ne abin da ka ce mini rannan, cewa ka yi kiɗa. Har na ji daɗi a raina."

Ya tsaya da jaka a kafaɗa. Sai ya wuce kicin ya sha ruwa, ya dawo ya ce ta sa masa faifan. A ranar ya karya dokarsa ta shekara talatin. Ya zauna a bakin kujera da rigar sanyinsa a jiki, ya ji kansa yana shiga da sanduna, ya gane wurin da ya koma tafin hannu. Yana jiran sarƙar, sai gangar ta dushe a hankali ta ɓace. Fiyano ya ci gaba, bas ya ci gaba. Ya san kowane duka da Magnhild ta kawo, ya san amsar da ya ba ta, hannunsa ma yana motsi a kan gwiwa yana ba ta. Amma a faifan babu komai a wurin sai fili. An cire shi tsaf, an bar sunansa a bango.

Baƙin cikin da ya ji ba na fushi ba ne tukuna. Tsoro ne ya fara kama shi. Ba suna ya dame shi ba, dama bai taɓa samunsa ba balle ya ji zafin rasa shi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne ko har yanzu akwai wurinsa a tsakanin mutanen nan biyu, ko kuwa sun daɗe suna haƙuri da shi ne kawai.

A kwanakin da suka biyo sharhi ya yi ta zuwa, daga Jamus, daga Ingila, kowa da kalar iyayinsa, amma duk a kan shirun suke sauka. Wani ya ce jarunta ce, wani ya ce tsufa ne ya zo da nutsuwa. Masu shirya bukukuwan kiɗa da ba su taɓa amsa musu waya ba suka fara nemansu. Maƙwabci ya tare shi a wurin ajiye keke ya ce shi fa bai san jaz ba, amma ya ji an ce shirunsa ya kai har ƙasashen waje. Torleif ya ce ya gode. Oddny ta ce ya kira mai sharhin ya gaya masa gaskiya. Ya ce in ya yi haka Magnhild zai tozarta, shi kuma ya zama tsohon da aka cire yana ƙorafi.

Ranar Asabar ya hau keke ya nufi gidan Magnhild. Ya tarar ranar aikin gayya ce a benensu, mazauna duk sun fito tsakar gida suna share ganyen bara da tsakuwar da aka zuba lokacin ƙanƙara don hana santsi. Magnhild tana can gefen katanga da tsohon wando da safar hannu. Tana ganin fuskarsa ta gane.

Ya ce, "Kin cire ni."

Ta miƙa masa manjagara ta ce, "Riƙe wannan. In ka tsaya hannu rabbana za su zuba mana ido."

Haka suka jera suna jan ganye, suna magana ƙasa-ƙasa, maƙwabta na wucewa da baro suna gaishe su.

Ta ce, "Ka saurara ke nan. Kai da ba ka sauraro."

"A kan haka kika dogara?"

Ta ce, "Ba da niyya aka fara ba. Wata ƙara muke ji a bas, sai injiniyan sauti ya kashe naka sautin don mu gano inda take. Da ya kashe, ba wanda ya iya cewa ya kunna. Muka zauna har kiɗan ya ƙare. Eilif ya cire tabarau yana ta gogewa. Na yi ta ƙoƙarin mayar da kai, Torleif, na mayar na cire, na mayar na cire. Hannuna ya ƙi."

"Ɗakin gilashin fa? Shi ma ba da niyya ba?"

"Haba! Kunnena da gaske yake ƙara. Kar ka mai da ni abin da ban kai ba."

"To me ya hana ki buɗe baki ki gaya mini?"

"Ba ma maganar kiɗa."

Ya tsayar da manjagara ya dube ta. Ya ce, "Dokarki ce ai. Ashe ranar amfaninta kike jira."

Fuskarta ta yi ja. Wata tsohuwa ta zo ta tambaye su ko sun ga buhun shara, Magnhild ta nuna mata da murmushi, ta jira har ta yi nisa.

Torleif ya ce, "Duk abin da kika kaɗa a wurin nan ni kike ba amsa. Kin sani."

"Na sani. Kowane yatsa na ɗora, kai na ɗora wa. Ba don kai ba da babu shi."

"Amma ya fi daɗi ba ni."

Ta sunkuya tana tura ganye cikin buhu da hannu biyu.

Ya ce, "Magnhild, tun yaushe kike jin na yi muku yawa?"

Ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kar ka tambaye ni abin da ka san zan faɗa maka gaskiyarsa."

Daga can aka buga ƙarfe ana kiran a zo a sha gahawa a ci tsiren alade da burodi. Torleif ya jingina manjagara a katanga. Ta biyo shi har wurin kekensa, ta riƙe sitiyarin. Idonta ya kawo ruwa, abin da bai taɓa gani ba ko ranar da aka binne mijinta.

Ta ce, "Na yi maka laifi, na yarda. Amma ranar Lahadi mai zuwa ka zo ka yi kiɗanka yadda ka saba. Ka cika ɗakin, ka fasa mini kunnen in ka ga dama. Kar ka yi shiru don wani ɗan jarida. Faifai faifai ne, mu kuma mu ne."

Ya ce zai zo. Ya ja kekensa ya tafi, bai tsaya shan gahawa ba.

Wasan ƙaddamar da faifan da la'asar aka sa shi, a wani ɗakin taro kusa da kogi, rana na shigowa ta manyan tagogi. Tun da suke ba su taɓa ganin jama'a haka ba. Har an ƙaro kujeru, wasu na tsaye a jikin bango da rigunan ruwa a hannu. Eilif ya leƙa ta labule ya dawo ya ce Hermod Kvale da kansa ya zo daga Oslo, ga shi can a gaba da gyale a wuya. Ya faɗa yana kallon ƙasa, don tun da Magnhild ta ba shi labarin Asabar ɗin nan bai iya haɗa ido da Torleif ba.

Torleif ne ya fara. Ya shiga da ƙarfi, da fushin da ya kwana biyu yana ci masa rai, Magnhild ta tare shi, Eilif ya shiga tsakani. Kiɗa ya yi zafi. Sai dai duk lokacin da ya ɗaga kai, idanu yake gani a kan hannuwansa. Ba abin da yake kaɗawa suke saurara ba. Jira suke. Sun karanta jarida, sun biya kuɗin shiga, sun zo ganin tsohon da zai ajiye sanda. In ya ɗan sassauta sai ya ga an gyara zama, in ya sake ɗauka sai ya ga kafaɗu sun sauka.

Nan wata dabara ta ɓacin rai ta zo masa. Ya ce a ransa, to bari in ba ku. A faifai ai ina nan a kunnensu ina tura su, shi ya sa abin ya tsaya da ƙafarsa. Yau bari in janye da gaske, ku ga yadda za su rushe, ita ma ta gani. Ya ɗora sandunan a kan ganga, ya naɗe hannu a ƙirji. Ya ji ɗakin gaba ɗaya ya sauke numfashi.

Magnhild ta ɗago a firgice ta harare shi. Hannunta ya yi tuntuɓe, ta maimaita abu ɗaya sau biyu, irin abin da ba ta yi. Torleif ya ji wani mugun daɗi. Amma Eilif ya ja wata doguwar murya a ƙasa ya riƙe, ita kuma ta sauko ta zauna a kanta, daga nan suka kama hanya su biyu. Ba su rushe ba.

Ya zauna yana ji, tun yana jiran su faɗi har ya manta da jiran. Ashe hannun hagun Magnhild yana da wasu ƙananan maganganu da yake yi can ƙasa, a hankali, waɗanda bai taɓa sanin suna nan ba. Ashe Eilif yana gurnani da hanci yana bin tsirkiyarsa. Ashe in fiyano ya buga ya saki, sautin yakan daɗe yana yawo a ɗaki kafin ya mutu, kuma a daidai nan ne shi yake saukar da farantin tagulla. Shekara talatin yana zaune taku biyu daga mutanen nan, yau ne ya fara jin su. Abin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyan ne ya fi komai yi masa ciwo.

Magnhild ta fara buɗe masa hanya. Ta kaɗa ta tsaya ta bar fili, ta dube shi. Ta sake kaɗawa da ƙarfi, irin dukan da ya saba tarewa, ta ɗaga masa gira. Ya ɗauki sanda, ya ɗaga ta sama da ganga. Ya nemi inda zai sa ta. Duk wurin da ya duba sai ya ji in ya taɓa ɓatawa zai yi. Ya ajiye sandar ya ɗauki burushin waya da ake shafa ganga da shi, ya riƙe shi, shi ma ya ajiye. Gumi ya karyo masa alhali bai yi komai ba. Haka ya zauna har Magnhild ta gaji da jira, ta sauke kiɗan a hankali ta cire hannu.

Jama'a suka miƙe tsaye. Irin tafin da ba a yi mana a nan sai an ci gasar gudun ƙanƙara. Wasu har suna kiran sunansa. Da suka sauko, Hermod Kvale ya ratso mutane ya kama hannun Torleif da hannu biyu yana girgizawa.

Ya ce, "Na ɗauka na faifai ba za a iya wuce shi ba. Amma yau, da ka ɗaga sandar nan ka fasa! Kai, na ga abin da ban taɓa gani ba. Ta yaya ka san ba za ka dawo ba?"

Torleif ya ce, "Ji na yi." Mutumin ya gyaɗa kai kamar an ba shi wani babban sirri, ya koma yana maimaita wa na kusa da shi.

A ɗan ɗakin baya, inda suka ajiye jakunkuna, Magnhild ta rufo ƙofa da ƙarfi.

Ta ce, "Me ka yi haka? Na ce maka kar ka yi! Sau nawa na buɗe maka? Har roƙonka na yi da ido a gaban mutane. Horo ne kake mini?"

Ya zauna a kan akwatin ganga. Ya ce, "Da farko horo ne. Daga baya na nemi in dawo, da gaske na nema. Ban ga wurin ba."

"Wurin yana nan! Ni na bar maka shi."

"Kin bar mini don kina jin kunyata. Kiɗan bai bar mini ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Hannun hagun nan naki, dama haka yake yi?"

Ta ce a hankali, "Dama haka yake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun muna makaranta."

Ya gyaɗa kai. Wannan ce hirar kiɗa ta farko da suka taɓa yi bayan wasa, kuma ba wanda ya san yadda ake ci gaba da ita. Eilif yana tsaye rungume da bas ɗinsa, yana duban wannan yana duban wancan. Can ya yi gyaran murya, ya nemi maganar da za ta mayar da su inda suka saba.

Ya ce, "To, batun wasanmu na Bergen ranar Asabar. Ni zan karɓo babbar motar haya da safe, sai in biyo ta gidanka mu loda ganguna, ko?"

Torleif ya miƙe ya fara kwance farantan tagulla yana zura su a jaka ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kar ka wahalar da kanka da babbar mota, Eilif. In an kwantar da kujerar baya, bas yana shiga motar Magnhild. Ta ishe ku."